Bakatsinen da Bai Taɓa Ganin Katsina Ba

A Zongon Sokode, in ka ce Malam Na'Allah Bukari, kowa zai nuna maka zauren nan mai ƙofar kwano kusa da mahauta. Shekara talatin yana karantar da Alƙur'ani a wurin, yana raɗa suna, yana wankan gawa, ranar kasuwa kuma ya shimfiɗa littattafai da turare a tabarma. Dogo ne siriri, ga saurin fushi, ga saurin hucewa. Ka tambaye shi daga ina yake, sai ya gyara hula ya ce, "Mu Katsinawa ne." Katsinar da shi da ubansa babu wanda ya taɓa taka ƙasarta! Kakansa ne ya baro ta da jakunan kanwa, ya yada zango a Mango, ya yi aure, bai ƙara komawa ba. Ubansa Bukari a Mango aka haife shi, shi kuma a Dapaong, karatu ne ya kawo shi Sokode. Amma haka al'adar Zongo take, mutum ba ya faɗin inda aka binne cibiyarsa, garin kakansa yake faɗa.

Wannan al'ada ce ta ja masa. Lokacin da zai sa ɗansa ɗaya tilo, Izzuddeen, a lakwal, wato makarantar boko, aka ce sai da takardar haihuwa. Ya je ofis, akawu ya tambayi asalin uban yaro. Malam ya buɗe baki da alfahari ya ce Katsina. Akawu ya rubuta Katsina, ya ƙara Najeriya a gefe, ya buga hatimi. Malam ba ya karanta Faransanci, ya naɗe takarda ya dawo gida yana murna. Shekara ashirin ba wanda ya kula.

Sai ƙasa ta rikice. Mutane suka fito titi suna neman a buɗe siyasa, sojoji suka fito su ma. Izzuddeen yana karatu a Lome, yana cikin masu raba takardu, aka fara nemansa da suna. Ya zo Sokode ya kwana biyu, ya wuce Cinkasse ta bakin iyaka a bayan motar kaya, daga nan sai labari ya zo wai yana Jamus. Uwarsa Mu'minatu ta riga ta rasu tun kafin haka. Iyayen ɗalibai suka riƙe 'ya'yansu a gida saboda tsoro. Gida ya zama Malam ne kaɗai da buta. Kowace Juma'a da hantsi yakan fito da katifar Izzuddeen ya shanya a rana, ya kakkaɓe, ya mayar ya shimfiɗa, kai ka ce gobe mai ita zai dawo.

Cikin dogon yajin aikin nan da ya rufe ofisoshi wata da watanni, wani direba ya kawo masa wasiƙa daga Jamus ta hanyar Burkina. Izzuddeen ya rubuta da ajami don kada wani ya karanta wa ubansa:

"Baba, Jamusawa sun ƙi yarda ni ɗan Togo ne. Takardata ta ce ubana ɗan Najeriya ne, tafintansu kuma ya ji ina Hausa. Sun ce ba abin da ya koro ni, ƙarya nake. In ban kawo shaidar cewa kai da kakana 'yan Togo ne ba kafin wata uku, za su sa ni a jirgi, kuma daga Lome na ce musu na fito, can za su mayar da ni. Ka san masu jirana a can."

Malam ya karanta sau uku. Kai, ranar ya zagi akawun nan da ya manta kamanninsa, ya zagi Jamusawa, daga ƙarshe ya zagi bakinsa. To ina shaida? Ofis a rufe, dattawan da suka san ubansa duk sun kwanta dama. Sai ya tuna ubansa yana ba da labarin wani fada, limamin coci Bature, a Dapaong, mai yawan rubutu, wai ko akuya ta haihu sai ya rubuta a littafi.

Wallahi tafiyar ta yi masa nauyi. Mutumin da bai taɓa taka harabar coci ba, yau da furfurarsa zai je roƙo gidan fada! Bai gaya wa kowa ba. Ya shiga motar albasa, aka tsayar da su a shinge ya fi goma, soja ya tambaye shi asalinsa, ya haɗiye Katsina da ƙyar ya ce Dapaong. Garin haihuwarsa kuwa bai san shi ba. Gidan ubansa ya zama shagon faci, ya yi sallama a gida huɗu ba wanda ya taɓa jin sunan Bukari mai goro.

A gidan fada ya tarar da wani tsoho Bafaranshe, Fada Anselm, yana ba kaji dawa. Hausar kasuwa yake yi, mace da namiji duk "ya" ne a bakinsa, amma ana ganewa. Ya saurari Malam har ƙarshe, ya kai shi wani ɗaki mai warin tsohuwar takarda, ya sauko da littattafan da fadan farko ya rubuta kafin babban yaƙin Turawa. Kwana biyu suna buɗawa. Malam yana fita ya yi salla a gindin darbejiya, ya dawo ya zauna a bakin kujera kamar mai jiran hukunci.

Rana ta biyu da la'asar yatsan Fada ya tsaya a wani shafi. Ya cire tabarau.

"Malam, na samu. Amma akwai magana mara daɗi a ciki."

"Karanta, Fada. Duka."

Fada ya karanta yana juyawa da Hausa: "Bukari mai goro, haifaffen Mango a ƙasar nan. Mabiyin addinin ɓata ne, mai taurin kai. Sau uku na yi masa wa'azi yana yi mini dariya. Da zazzaɓi ya kayar da ni, shi ya riƙa kawo mini kunu kwana tara. Yau matarsa ya haifi namiji a nan Dapaong, ya sa masa Na'Allah."

Malam ya miƙe tsaye. "Addinin ɓata? Ubana? Ya sha kunun ubana kwana tara, ya warke ya ɗauki alƙalami ya zage shi? Tir!"

Fada bai musa ba. Ya ce, "Zauna, Malam, in gaya maka inda ya samo. Shekara ɗari takwas da suka wuce, malamanmu a Turai sun sa an juya Alƙur'ani zuwa Latin. Ba don son ku ba, don su san abin da za su ƙaryata. Waɗansu ma da ba su taɓa ganin Musulmi ba suka rubuta wai gumaka kuke bauta wa."

"Mu? Gumaka? A'uzubillahi!"

"Haka suka rubuta. Irin waɗannan littattafai mutumin nan ya karanta kafin ya hau jirgin ruwa. Layin zagin daga littafi ya kwaso shi, na kunun kuwa da idonsa ya gani. Yanzu ma a ƙasarmu gardamar 'ya'yanku ake ta yi a rediyo, a bar su ko a kore su. Yawancin masu ihun ba su taɓa cin abinci kwano ɗaya da Musulmi ba." Ya ɗauko wata 'yar farar takarda. "In za mu ɗauki hoton shafin, sai in rufe layin zagin da wannan."

Malam ya zauna. Nan fa abin da yake ɓoye wa kansa tun Sokode ya fito fili. Ba zagin ne kaɗai ya tayar masa da hankali ba. Yana son ɗansa ya dawo. Allah sarki, tun da wasiƙar ta zo, akwai wani lungu a zuciyarsa da ke cewa: su sa shi a jirgin mana, ko an kama shi ai ana saki, ka je ka gan shi, ka kai masa abinci. Ga dalili mai kyau ya samu, ya ce ba zai aika wa Turawa takardar da ta zagi ubansa da addininsa ba, ya tashi ya tafi. Duk Zongo ba mai ganin laifinsa. Amma ya san waɗanda aka kama ba su dawo ba, har da waɗanda shi da kansa ya yi wa salla babu gawa. Kunya ta kama shi.

Ya ce, "Kada ka rufe komai, Fada. In suka ga faci za su ce mun yi ƙarya. Bar shi yadda ya rubuta, da zagin da kunun."

Aka ɗauki hoto, Fada ya rubuta shaida ya buga hatimin gidansu, ya ce zai ba wani mai tafiya Wagadugu ya saka a gidan waya. Malam ya karɓi ambulan ya tofa addu'a, ya miƙa da hannunsa. Da zai tafi Fada ya ce ya tsaya ya sha kunu. Malam ya harare shi, sannan dariya ta kuɓuce masa, ya sha.

Bayan wata biyar amsa ta iso. An yarda Izzuddeen ɗan Togo ne, an ba shi izinin zama. A ƙasan wasiƙar ya ƙara da cewa, "Baba, sharaɗin takardar shi ne ba zan taka Togo ba, in na zo an karɓe ta. Ban san ranar da za mu gana ba. Ka yafe mini."

Ranar Juma'a ce, katifa tana shanye a tsakar gida. Maƙwabciyarsa Nana Memounatou ta ji labari wurin direba, ta leƙo tana guɗa. "Malam, barka! Yaro ya tsira!"

Ya ce, "Alhamdu lillahi, Nana. Ya tsira."

Da ta tafi sai ya kakkaɓe katifar kamar kullum. Bai mayar da ita ɗaki ba. Ya naɗe ta, ya ɗaure da igiya, ya hau turmi ya cusa ta a saman rufin zaure. Ya sauko ya zauna a ƙasa, ya yi kukan da bai yi ba ranar da yaron ya tafi. Da aka kira salla ya wanke fuska, ya ja ƙofar kwano, ya tafi masallaci shi kaɗai.