Na Ɗauki Muryar Kakata A Ɓoye, Aka Rera Waƙarta A Coci

Assalamu alaikum Edita. Na daɗe ina karanta wannan shafi a wayata idan aiki ya lafa, ban taɓa zaton ni ma wata rana zan rubuto ba. Ina roƙon a sakaya sunana, ni ma ba zan ambaci sunan kowa ba.

A Makka aka haife ni, a unguwar Tandabawi, daga baya muka koma Rusaifa. Lokacin da abin nan ya faru ina da shekara ashirin da tara, ban yi aure ba, ina aiki a teburin karɓar baƙi na wani otal. A cikin jikokin gidanmu ni kaɗai ne Hausa ta zauna a bakinsa, sauran ko an yi musu magana da Hausa da Larabci suke amsawa. Dalili kuwa shi ne kakata, mahaifiyar babana, wadda muke kira Hajiya. A ɗakinta na tashi. Ba ta kiran sunana, maigida take ce mini, irin wasan kaka da jika. Kullum na taso daga aiki bayan la'asar sai na shiga na matsa mata ƙafafu, tana mini tsiya wai maigidan da bai kawo cefane ba.

Hajiya tana yarinya ƙarama iyayenta suka taso da ita daga ƙasar Sakkwato da ƙafa, suka yi shekaru a hanya suna tsayawa suna noma suna ci gaba. A ƙasar Sudan ƙanenta ya rasu, bayan kwana kaɗan mahaifiyarta ta bi shi. A gefen hanya aka binne ta, ko sunan garin Hajiya ba ta riƙe ba. Abin da ta riƙe shi ne wata waƙar reno da uwar ke yi wa yaron a baya. Da ta girma sai ta ƙara wa waƙar baituka na kanta, a ciki tana kiran uwar da ainihin sunanta, tana tambayarta ko an yi mata inuwa a inda aka bar ta. Wannan suna Hajiya ba ta taɓa furta shi a magana ba, ko 'ya'yanta a takarda suka san shi. A waƙar nan kaɗai yake fita daga bakinta, kuma ba ta yin ta a gaban mutane. Idan ina matsa mata ƙafa, jikinta ya saki, sai ta lumshe ido ta fara a hankali. Ni kaɗai nake ji.

Ina da aboki tun muna yara, lungunmu ɗaya a Tandabawi, kwanonmu ɗaya. Shi ma jikan Hausawa ne amma bai iya haɗa jimla biyu da Hausa ba. Ya tafi wata ƙasar Turai karatun injiniya, can ya watsar ya koma karatun kiɗa da tsara waƙa. Mutanen unguwa sun yi ta surutu, ni na tsaya masa. Da ya zo hutu wata shekara muna shan shayi a unguwar Shisha, bakina ya kwance na ba shi labarin waƙar Hajiya. Na yi ne don alfahari, in nuna masa mu ma muna da abin da Turawansa ba su da shi.

Washegari sai ga shi a gidanmu da turare da dabino. Ya durƙusa gaban Hajiya, ni ina fassara, ya roƙe ta ta rera masa ya ɗauka. Ta yi dariya ta sa masa albarka, ta ce wannan ba waƙa ba ce, hira ce tsakaninta da uwarta, kuma ba a ɗaukar hirar mutum da uwarsa. Ya sake roƙo, ta sake cewa a'a, ta juya zancen ta tambaye shi lafiyar mahaifiyarsa. Magana ta ƙare a nan, da na bar ta ta ƙare.

Amma bai bar ni ba. Sati biyu yana bina. Ya ce tasa kakar ta rasu bai ji komai daga bakinta ba, ya ce a Turai idan aka tambaye shi asalinsa sai ya rasa abin faɗa. Har hawaye ya yi a mota. Ya ce Hajiya ta tsufa, ranar da ta tafi waƙar ta tafi, kuma ni ne zan fi kowa nadama. Wannan maganar ce ta kama ni, don na sha yin tunanin haka. Ya rantse da Allah cewa shi kaɗai zai saurara, a ɗakinsa, idan kewar gida ta dame shi. Muna tsaye a inda ake hango hasumiyoyin Harami ya yi rantsuwar. Ranar Talata bayan la'asar na kunna wayata na kife ta a ƙarƙashin matashi, na kama ƙafar Hajiya ina matsawa kamar kullum. Ta rera daga farko har ƙarshe. Kafin magariba na tura masa.

Ya koma Turai. Da farko muna gaisawa kullum, daga baya sai sati, daga baya sai na yi sallama kwana uku bai amsa ba. Na ɗauka karatu ne. Haka aka yi kusan shekara biyu, har na fara mantawa da abin da na yi.

Wata Juma'a cikin zafin bazara dangi sun taru a gidanmu bayan masallaci, an ci shinkafa ana shan shayi a falo. Hajiya na kan kujerarta, baffana, yayan babana, na gefenta. Sai 'yar baffan nawa ta ce a zo a ga abin mamaki, Turawa suna waƙa da Hausa, kuma ɗan unguwarmu ne ya koya musu. Ta haɗa wayarta da talabijin. Wani tsohon coci ne na dutse a wani ƙauye, ƙofarsa a buɗe ana hango ciyawa kore shar da shanu a nesa. Daga rubutun ƙasan bidiyon na gane duk bazara mutanen ƙauyen suna shirya taron kiɗa da waƙa a cocin, baƙi su zo daga garuruwa. Mawaƙa kamar talatin ne a tsaye, maza da mata, yawancinsu dattawa masu furfura. A gabansu mutum huɗu zaune da goge irin na Turawa, ɗaya babba ne an kafa shi a ƙasa tsakanin gwiwoyi. Sai abokina ya fito da baƙar kwat, aka tafa masa.

Ya yi jawabi da harshensu, fassarar Larabci na fitowa a ƙasa, yaran gidanmu suna karantawa da ƙarfi. Ya ce wannan waƙa ya gaje ta ne daga kakarsa, wadda ta yi tafiyar ƙafa daga Afirka zuwa Makka. Ya ce ta rera masa ita tana kan gadon mutuwa, kuma yanzu za su ji muryar marigayiyar. Sai lasifika ta kawo muryar Hajiya. Tarin nan nata na farko, da ƙarar na'urar sanyaya ɗakinta, duk suna ciki. Kafin ta fara baitin farko aka ji ta ce, "Maigida, danna nan, wajen diddigen." Bai iya Hausar da zai gane ya yanke wurin ba.

Babu wanda ya juyo ya kalle ni, kuma da sun kalle ni da ya fi mini sauƙi. Masu gogen suka ɗauka, mawaƙan suka biyo. Da suka zo kan sunan mahaifiyar Hajiya sai suka tsaya a kansa, mata su kira, maza su amsa, suna maimaitawa yana kewaya ginin. Sunan da ko babana bai taɓa ji daga bakin uwarsa ba. Baffa ya miƙe zai kashe, Hajiya ta ɗaga masa hannu. Ta kalla har ƙarshe, har tafin da aka yi, har abokina ya sunkuya yana dafe ƙirji.

Hajiya ta tambaya ina ne wannan wuri. Baffa ya ce coci ne, a ƙasar Turawa. Sai ta tambaya ko mutanen nan sun san wadda suke kira. Ta kuma tambaya me yaron ya faɗa da farko, don ba ta ji abin da yaran gidan suka karanta da kyau ba. 'Yar baffa tana kuka ta gaya mata ya ce ta rasu. Hajiya ta gyaɗa kai. Sai ta kira ni da sunana na yanka, karo na farko a rayuwata.

"Kai ka ba shi?"

"Ni ne, Hajiya."

"Ina ce a gabanka na ce masa a'a."

Na ce haka ne. Ta ce to, ta nemi a kama ta a kai ta ɗaki.

A ranar na kira abokin nawa ya fi sau goma, sai washegari da rana ya ɗauka. Na yi zaton zai ji kunya. Cewa ya yi kamata ya yi mu gode masa, ya fitar da tsohuwa daga ɗaki ya kai ta duniya, mutane sun yi kuka a wurin. Na tambaye shi don me ya ce kakarsa ce, don me ya kashe ta da ranta. Ya ce haka labarin ya fi shiga zuciyar masu sauraro, kuma ai kakata kakarsa ce. Na tuna masa rantsuwarsa, ya ce lokacin bai san abin zai yi kyau haka ba. Daga ƙarshe ya ce kada na zo masa da wa'azi, shi bai ɓoye waya a ƙarƙashin matashin kowa ba. Na kashe wayar. Shekara ashirin da wani abu muna tare, ranar na san ban san shi ba.

Wani abokin aikina da ya iya harshen ya taimaka mini na rubuta wa masu shirya taron, na faɗi gaskiya duka har da laifina. Bayan kwana shida amsa ta zo daga wata dattijuwa, shugabar mawaƙan, wadda ta ce malamar makaranta ce da ta yi ritaya. Ta ce wata huɗu suka yi suna koyon kalmomin ɗaya bayan ɗaya, suna ganin suna girmama mamaciya ne da izinin jikanta. Ta ce sun sauke bidiyon, sun cire waƙar daga sauran tarukan bazarar, kuma ta tattara takardun da ke hannun mawaƙan. Ta haɗo da wasu layuka ta ce a karanta wa Hajiya, tana neman afuwa a kan sunan da suka kira ba da sani ba. Ban riƙe mutanen nan da komai ba, su ma yaudararsu aka yi. Na karanta wa Hajiya, ta saurara, ta ce matar tana da tarbiyya, a gaya mata babu komai.

Ni ma ta ce ta yafe mini, tun a satin farko, da na durƙusa ina kuka. Ta hana baffa da babana su ƙara yi mini faɗa. Na ci gaba da shiga bayan la'asar, ta ci gaba da miƙo ƙafa. Amma idan na zauna sai idonta ya bi hannuna ya ga inda na ajiye waya, ko da na fara barin wayar a falo ba ta daina dubawa ba. Ba ta ƙara rera waƙar ba. Wata rana na yi ƙarfin hali na roƙe ta, ta ce ta nema ta rasa, duk lokacin da ta buɗe baki muryoyin mutanen nan take ji, ba ta jin ta uwarta. Bayan shekara ɗaya da 'yan watanni Allah ya yi mata rasuwa, aka yi mata salla a Harami.

Abokin yarintar tawa kuwa na ji yana nan yana harkarsa. Ya zo Makka sau biyu, bai tako gidanmu ba, ko gaisuwar mutuwa bai aiko ba. Muryar tana nan a tsohuwar wayata cikin akwati. Ƙannena sun roƙe ni na tura musu, na hana. Ban iya saurara ba, ban kuma iya gogewa ba.

Na daɗe ina ɗora masa laifin duka, kuma har gobe ina jin ciwon abin da ya yi mini. Amma da na zauna da kaina na ga shi amanata ya ci, ni kuwa na ci ta wadda ta rene ni, kuma ni na fara. Na yaudari kaina da cewa adana tarihi nake yi, alhali mai abin ta faɗi ra'ayinta da bakinta a gabana. 'Yan'uwana masu karatu, yanzu kowa da waya a hannu, kuma tsofaffinmu ba su san lokacin da take kunne ba. Idan tsohonka ya sake da kai har ya fitar da abin da ke cikinsa, don ya ɗauka ku biyu ne a ɗakin. Ka tambaye shi kafin ka ɗauka. Idan ya ce a'a, ka bar shi ya tafi da abinsa, ko da kana ganin asara ce, ko da wanda ke roƙonka ya yi kuka ya rantse. Ina roƙon duk wanda ya karanta wannan ya yi wa Hajiya addu'a, ya haɗa da mahaifiyarta da ke kwance a gefen hanya.