Ɗamarar da Tatsuo Ya Saya wa Suzu

Horiuchi Tatsuo ya fi shekara arba'in yana sayar da awara a garin Tsuruoka, shi da matarsa Michie. Shi ke niƙa waken suya, ita ke yanka, ita ke kuma surutu da masu saye, don shi Tatsuo in ka ji ya jera kalma biyar to lallai wani abu ya ƙone. Da Michie ta rasu bai sake kunna wuta a shagon ba. 'Yarsu Kaho tana aure can Osaka. Ranar Lahadi take kira ta tambaye shi ko ya ci abinci, ya ce ya ci, shi ke nan hira ta ƙare. Kaɗaici ya ci bawan Allahn nan, har rediyo yake bari a kunne a ɗakin da ba kowa don dai ya riƙa jin murya.

Kaho ce ta matsa masa ya je wurin Malama Nonomura, wata tsohuwa mai kiwon ƙananan karnukan nan da ake kira chin, masu dogon gashi da ɗan hanci a baje. Ya je ne don a daina damunsa, sai ga shi ya dawo da 'yar kwikwiya fara mai baƙaƙen kunnuwa a cikin kwando. Ya sa mata suna Suzu.

Mutumin da ko kyanwa bai taɓa riƙewa ba, sai ga shi da mataji iri-iri. Da Suzu ta girma Malama ta ce ta isa shiga gasar nuna karnuka, shi kuwa ya ɗauki abin da zafi. A kan teburin yankan awara ya koya mata tsayuwa da buɗe baki don alƙali ya duba haƙora. Ya riƙa zagaya shagon da ita a igiya, yana rusuna wa alƙalin da babu shi. Malama ta ce masa karyar ta iya taku, shi ne ke tafiya kamar ya ɗauko tukunyar ruwan zafi.

A gasar Sendai ba wanda ya san shi. Tsofaffin hannu suna ta gaisawa da juna, shi yana gefe kusa da kejin Suzu yana cin dunƙulen shinkafarsa. Amma Suzu ta zo ta biyu. Har wani Shibasaki, mai wani shahararren namijin kare, ya tako ya ce in yana so a haɗa su barbara, ƙofarsa a buɗe take. A jirgin ƙasa Tatsuo ya kasa zama wuri ɗaya, idonsa na gano masa 'yan kwikwiyo suna tsere a tsakar gida, mutane na ƙwanƙwasa ƙofa don su gani.

Malama ta sha gaya masa ba a barbara sai likitan dabbobi ya duba, amma shi a ganinsa wannan cika ƙa'ida ce kawai. Ai kowa ya san kare ba ya shan wahalar haihuwa. Shi ya sa a al'adarsu mai ciki ke jiran ranar da kalandarsu ta kira Ranar Kare, ta je wurin bauta ta ɗaura ɗamara, don ta sauka cikin sauƙi irin na karya. Michie ma ta ɗaura da cikin Kaho. Da ranar ta zagayo, tun ba a yi barbarar ba, ya je ya sayo ɗamarar, ya yanke ta daidai cikin Suzu, ya kai wa Malama ta gani.

Ta yi dariya har da tari, sai ta lura shi ba dariya yake ba. Ta ɗora Suzu a cinya ta lalubi ƙugunta.

"Malam Horiuchi, karen kalanda karen gona ne, ba wannan 'yar tafin hannun ba," in ji ta. "Na san karen Shibasaki, 'ya'yansa manyan kai gare su. Kai ta wurin likita a ɗauki hoton ƙashinta."

Hoton ya nuna ƙugun ya yi ƙunci. Likita ya ce da wuya ta haihu da kanta, sai dai tiyata, kuma masu irin hancinta ba duka ke farkawa daga allurar barci ba. Yawanci ana dacewa, in ji shi, amma shawara ta rage ga mai ita.

Tatsuo ya yi fushi. Ya ji haushin Malama, ya ji na likita, har kalandar ya cire daga bango. Kwana da kwanaki yana taje Suzu yana ce wa kansa ai yawanci ana dacewa, ita kuwa tana lumshe ido abinta, ba ta san da ranta ake ciniki ba.

Irin wannan magana ba a yinta ta waya. Ya sa kwat ɗinsa, ya sayi kwalin alewa, ya hau jirgi zuwa gidan Shibasaki, ya rusuna ya ba da haƙuri, ya ce ya fasa barbarar. Shibasaki ya yi mamaki, ya ce karnukansa nawa aka yi wa tiyata suka tashi, kuma karya mai kyau haka asara ce a bar jininta ya ƙare a kanta.

"Kai kana da su da yawa, ranka ya daɗe," in ji Tatsuo. "Ni in ta tafi, ba wanda zai ji na buɗe ƙofa."

Har yau yana zuwa gasa, har yau a gefe yake zama. Masu tambaya yaushe za a samu 'ya'yan Suzu sun gaji sun daina. In an tashi ya sa ta a jaka ya rungume, su kama hanyar tasha su biyu.