Tsuntsayen Sankunni

A garinmu Bagan Datoh babu wanda ya yi aure, ko ya yi bikin suna, ko aka fita da gawarsa, ba tare da ganyen Sankunni yana lilo a ƙofar gidansa ba. Ina nufin a cikinmu, mu 'yan ƙabilar Malayali, da ba mu taɓa wuce gida sittin ba. Tun yana saurayi yake hawan kwakwa a gonakin kamfani, har gwiwa ta ce ta gaji. Da ya daina hawa sai ya riƙe abin da ya koya a wurin mahaifinsa, saƙar thoranam: a samo sabon ganyen kwakwa tun yana fari bai buɗe ba, a tsaga, a ninka ya fitar da 'yan tsuntsaye a jere, a ɗaure a igiya a rataye. Na biki tsuntsaye huɗu ne, kawunansu sama. Na mutuwa uku ne, kawunansu ƙasa. Duk wanda ya tashi a nan, daga bakin titi zai hango ya san da wace fuska zai shiga gidan.

Ni Vilasini, shinge ɗaya ya raba mu shekara talatin da ɗaya. Chetta nake ce masa, wato yaya, don ya girme ni, kuma ba ma kwana biyu ba mu yi faɗa ba, yawanci a kan kajina. Mutum ne mai taurin kan tsiya da son a yabe shi. In ka ce aikinsa ya yi kyau sai ya ce me ka sani, in ka yi shiru kuma ya yi kwana uku ba ya amsa gaisuwarka.

Yaranmu duk sun watse zuwa birni, a can suke aurensu. Mu tsofaffi aka bari muna binne juna. A shekara biyar Sankunni ya yi wa aure ɗaya saƙa, ya yi wa gawa sha ɗaya, ta ƙarshensu matarsa Kalyani. Bayan ita ne mantuwa ta fara. Sau biyu ina jin ƙauri in tsallake shinge in tarar da tukunyar shayi ta yi baƙi ƙirin a kan wuta, shi yana zaune a baranda. Na ɓoye tukunyar a bayan gida ban gaya wa kowa ba. Amma 'yarsa Ambika, wadda take aikin jinya a Kuala Lumpur, ta zo ta gano ta. A gabana ta ce wa mahaifin nata, wanda take kira Acha:

“Acha, sau ɗaya ya rage. Ka sake yin wani abu, ka bi ni.”

“Sai dai ki ɗauki gawata.”

Na san gidan Ambika. Hawa na sha huɗu ne, ko bishiya ɗaya ba a gani ta taga. Na tabbata mutumin nan ba zai yi shekara a can ba.

Da Onam, babban bikinmu na shekara, ta gabato, Prabhakaran shugaban ƙungiyarmu ya ce bana kwalliyar roba za a rataya, a bar tsoho ya huta. Na ce in dai roba ta hau ƙofar zauren ƙungiyar, to ya nemi wadda za ta dafa masa payasam, kunun madara mai zaƙi na ranar biki. Mutum ɗari biyu ba sa cin Onam babu payasam, dole ya janye. Wato ni na tsaya kai da fata aka ba Sankunni aikin. Ana gobe biki ya zauna a barandarsa shi kaɗai, ya kori duk wanda ya zo taya shi, ya saƙa ganye ɗari biyu ya lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu.

Da safe ƙarfe bakwai zauren ya cika. Maza suna kafa kututturen ayaba a bakin ƙofa, mata sun durƙusa suna tsinke furanni suna jera su zobe-zobe a tsakar ɗaki, ana ta musu ko ja ne zai bi rawaya ko fari. Ambika, da ta zo gida don bikin, ita ce ta kawo kwandunan ganyen a motarta, ta ce mahaifinta zai biyo baya in ya yi wanka, ta shiga cikin masu furanni. Waɗanda suka zo daga birni suka rataye ganyen tun daga bakin titi har ƙofar zaure. Su ina ruwansu da ƙirga tsuntsaye?

Wajen ƙarfe tara na fito zubar da ruwan shinkafa, na ɗaga kai na dubi tsuntsayen. Na ƙirga na farko, uku. Na biyu, uku. Na bi igiyar da ido har bakin titi, duk kawunansu ƙasa. Motar dattawan da muka gayyato daga garin Ipoh kuma sha ɗaya za ta iso.

Ban gama tsayuwa ba Prabhakaran ya taho yana huci. Chechi yake ce mini, wato yaya mace, kamar duk wanda na girma.

“Chechi, kin ga abin da kika ja mana? Gidan makoki! Ranar Onam!”

“Rage murya, ba kurma ba ce ni.”

“Robar tana bayan motata. Minti goma na gama.”

“Wato dama ka saya ka ɓoye, munafuki. In ka rataya ta Ambika za ta tambayi dalili.”

“To in tsaya a ƙofa mutane su yi ta yi mini ta'aziyya?”

“Ba ni awa ɗaya. In na kasa, ka rataya har a wuyanka.”

Ya san zancen tukunya da sharaɗin da Ambika ta kafa, kowa ya sani. Ya dubi zauren, ya dube ni, ya ɗauko tsani. Muka sauke igiyoyin muna cewa sun yi ƙasa da yawa, muka kwashe su zuwa bayan kicin. Na janyo Thankam, abokiyar girkina, muka durƙusa muna warwarewa. Na ɗauka abu ne mai sauƙi, shekara nawa ina kallon mutumin nan yana yi yana zagin kajina. Ashe ganyen in ya kwana a ninke ba ya son a tashe shi. Ka ja kaɗan ya tsage. Cikin ashirin na farko muka lalata sha biyu. Gumi yana shiga mini ido, ga madara a wuta ba mai juyawa.

Sai ga muryar Ambika a bakin kicin tana neman wuƙa. Na tashi a guje na tare ƙofar da jikina.

“Me kuke yi a baya, Chechi?”

“Sirrin girki. Ke da ko ruwan zafi ba ki iya ba, me za ki gane? Ungo, tafi.”

Ta karɓa tana dariya, amma ta ɗan jima tana kallona kafin ta juya. Tun tana goye na san yarinyar nan, ba a yi mata wayo.

Abin da muka manta shi ne igiyar bakin titi, wadda aka ɗaure can sama tsakanin sanduna biyu. Goma da kwata Sankunni ya iso a kan kekensa, cikin farin zane mai bakin zinariya, ya sha mai a kai. Na fito ɗaukar wani kwando ke nan na gan shi ya tsaya a ƙarƙashinta. Ya ɗaga kai. Ya sauke mayafin kafaɗarsa a hankali, yadda ake yi in za a shiga wurin gawa. Sannan ya ɗaga murya:

“Wa ya rasu?”

Masu furanni suka miƙe suna leƙowa.

“Na ce wa ya rasu ba a gaya mini ba?”

Ambika ta fito, hannuwanta duk rawayar fure. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

“Ba wanda ya rasu, Chetta. Ni ce. Naka bai isa ba na ƙara da nawa.”

Ya juyo ya kalle ni sama da ƙasa.

“Ke? Da wannan hannun naki na dukan kwakwa? Shekara talatin kina leƙe ta shinge, ko ƙirga huɗu ba ki iya ba! So kike ki kashe mu duka ranar biki?”

Aka fashe da dariya, irin ta wanda aka sauke wa kaya. Ban taɓa jin daɗin zagi kamar na ranar ba. Na ce ya yi haƙuri, akwai saura a baya. Ya bi ni yana ci gaba da wanke ni, ya ga tarin ganyen, ya kifa bokiti ya zauna.

Nan na ga aiki. Ya tsoma ganye a ruwan ɗumi, ya murza ninkin da babban yatsa, ya juya tsuntsu, ya tsaga ƙasa ya fitar da na huɗu, ko ɗaya bai yage ba. Ya sa kowa a layi. Thankam tana jiƙawa, ni ina miƙa masa, masu furanni suka baro furanninsu suna ɗaurewa, Prabhakaran a kan tsani yana ihu a miƙo. Duk wanda ya yi sanyin jiki ya sha zagi. Sha ɗaya saura biyar aka ce motar Ipoh ta shigo gari, mutane suka kwashi igiyoyi suka yi gaba, aka bar ni da shi da ganye bakwai.

Ya ɗauki ɗaya bai jiƙa ba. Ya juya shi, ya kawo kusa da ido, ya shafa ninkin. Da ya yi magana, muryarsa ta koma ƙasa har sai da na sunkuya.

“Vilasini, ba ki iya wannan ninkin ba. Ba wanda ya iya shi sai ni.”

Na ajiye ganyen da ke hannuna. Ya dube ni ya ce:

“Duka ɗari biyun?”

“Duka, Chetta.”

Ya gyaɗa kai. Ya riƙe mini hannu, abin da bai taɓa yi ba.

“Kada Ambika ta ji.”

Ambika tana tsaye a bayansa da kofin shayi, ban san tun yaushe ba. Ta zagayo ta ajiye kofin a gabansa, ta ce ya sha kafin ya huce. Ranar ba ta tayar da zancen ba, har ta zauna kusa da shi suka ci abinci a ganyen ayaba ɗaya yana gaya wa dattawan Ipoh wautar da na tafka. Ran Talata da hantsi ta leƙo ta shinge, mahaifinta yana cikin mota da akwatinsa, ta miƙo mini makullin gidansu, ta ce in riƙa buɗe tagogi.