Rigar Ɗaukar Ma'aikata

Ruwa aka kwana ana yi, gari ya waye sama a haɗe, layin duk ya zama taɓo. Kowane mai sana'a ya fito fuska a murtuke, ban da mai shagon kujerun da ke kan kwana, wanda 'yan layi ke kira Ba-Ciniki. Shi daɗi ya ji, don ranar yake jiran wani mai neman aiki, ga shi kuwa rufin ɗan ofishinsa na yoyo.

Daga bakinsa ya samo sunan. Ko motoci sun wuni suna fita da kaya daga shagon, kana gaishe shi zai ce, "Ba ciniki wallahi, lallaɓawa muke." Da zarton aro ya fara sana'a a gindin wani bango, Allah ya buɗa masa har ya kai ga injina da ma'aikata da mota mai sheƙi. Ba mugu ba ne. Maganar albashi ce kawai take tsaya masa a wuya.

Yana da tsarinsa. Ranar ɗaukar ma'aikaci motar a gida take wuni, shi ya taho a ƙafa. Akwai wata riga mai cinyayyen wuya da ya ajiye domin wannan rana kaɗai. Zai kashe fanka, ya zaunar da baƙo a kujera mai gurguwar ƙafa, a shagon da ake ƙera kujeru, ya kama labarin tsadar katako da kuɗin wuta da ciwon bayansa. Kafin a iso kan albashi, mai neman aiki ya fara jin kunyar kansa. Inda kuɗi ya gaza sai ya cike da baki: "Nan gida ne, ɗana. Ga inuwa, ga ruwan sha kyauta, ga albarkar manya."

Matarsa takan ce, "Malam, tsumman da nake goge ƙasa da shi ya fi rigar nan mutunci."

"Ke ba ki san kasuwa ba. Rigar nan ta fi ƙanenki amfani a gidan nan."

To, a lokacin ya samu aikin da bai taɓa samun irinsa ba. Wata mata da ta gina sabon masaukin baƙi ta ba shi kujerun ɗakunan gaba ɗaya. Mai yi masa kushin kuma ya gudu inda aka ƙara masa kuɗi. In bai samu wani ba a makon, aikin ya tafi. Mutum ɗaya ne a garin hannunsa ya kai, wani magidanci mai sanyin hali da ake kira Mai Allura, shi ne kuma baƙon da yake jira.

A ranar, Ba-Ciniki ya wuce gona da iri. Ya tara roba a inda ke yoyo, ya ƙara wata a inda ba ya yi. Ya ce mai katako ya daina amsa gaisuwarsa, ya ce jiya da ruwan zafi yara suka kwana. Murya har tana rawa. Sannan ya sunkuyar da kai ya faɗi albashin a hankali.

Idon Mai Allura ya kawo ruwa.

"Yaya, ban san abin ya kai haka ba. Ni in karɓi ko sisi a hannunka, ai sai Allah ya tambaye ni."

Ba-Ciniki ya gyara zama, ya ɗauka aikin kyauta ya faɗo masa.

Mai Allura ya miƙe. "Riƙe abinka ka ciyar da yara. Ni zan duba wani wuri."

"A'a, ƙanena, zauna mana! Ai ana iya ƙarawa."

"Daga ina, Yaya?"

Ya ƙara. Ya sake ƙarawa, har ya ninka. Duk ƙarin da ya yi, sai tausayi ya ƙara kama mutumin. Da zai fita ya cusa masa 'yan canji a aljihun rigar, ya ce a saya wa yara burodi.

Da abin ya tsaya nan da sauƙi. Amma Mai Allura mutumin kirki ne. Ya san mai masaukin, don ya taɓa yi mata aiki, saboda haka ya bi taɓon nan har wurinta, ya roƙe ta ta yi haƙuri da bawan Allah ko da aikin ya yi jinkiri, shagonsa na gab da rufewa. Ta yi masa godiya sosai. Kafin yamma ta aika a ce ta fasa.

Washegari Ba-Ciniki ya sha babbar riga mai guga, ya zuba turare, ya tuƙa motarsa har ƙofar masaukin. Ta leƙo, ta dubi motar, ta dube shi, ta girgiza kai.

"Allah sarki Baba. Har da motar aro ka wahalar da kanka?"

Shagon tsallaken titi aka ba aikin, su kuma suka ɗauki Mai Allura a kan abin da ya nema.

Yanzu Ba-Ciniki ya tsufa, ƙafa ta ƙi. Babbar 'yarsa ce ke riƙe da shagon, kuma ba ta barinsa ya shiga ofis in ana maganar albashi. Yana gida tare da jikokinsa.