Lambun Haki

A shekarun da suka biyo bayan babban fari ne aka tura ni koyarwa lakwal, wato makarantar boko, ta Badaguishiri. Aka ba ni gida a ƙarshen gari, da wani fili mai tsakuwa a bayansa, wanda ko kaza ba ta ɓata lokacinta ta tona. A filin nan na yi abin da har yau in na faɗa sai an dube ni an sake duba: na shuka haki, da hannuna, da hankalina.

Ni mutumin Alela ne. Ina yaro ina kiwon awaki, in damina ta zauna, gefen fadamarmu kan cika da furanni, ja da fari da ruwan ƙwai, ba wanda ya shuka su, ba wanda ya kula da su. Da na koma hutu bayan fari, sai na tarar da ƙasa tsirara. Abin da rana ba ta ƙone ba, yunwar bisashe ta cinye, sauran kuma an nome. Mutane suna ta lissafin shanun da suka mutu da itatuwan da suka bushe, kuma suna da gaskiya. Ni ƙananan abubuwan nan ne suka tsaya mini a rai.

Na fara yawo ina tara iri a kwalayen ashana: filasko, bagaruwar ƙasa, balasa, gasaya, duman kada, da kan gadali da na tono a bakin wani tafki. Amma akwai wata da ta fi su duka a wurina. Gajeriya ce, ganyenta da ɗan gashi, furenta shuɗi ne mai haske, yakan buɗe da safe ya rufe kafin hantsi. Ban san sunanta na gaskiya ba, tsofaffin garinmu kowa da abin da yake kiranta. Na sha wahalar nemanta kafin in ga 'yan tsiraru a bakin wata ƙorama, na jira suka nuna, na kakkaɓe irin a tafin hannuna. Da shekara ta zagayo na koma wurin, ruwa ya kwaso rairayi ya binne shi. Abin da ke cikin kwalin nan ke nan ya rage mini.

Shukar farko ni na kashe ta da gata. Badaguishiri garin lambu ne, sai na kwaikwayi masu albasa: na yi fangali, na zuba taki, ina ban ruwa safe da yamma cikin rani. Rabin irin shuɗiyar nan na zuba. Ko ƙwaya ba ta fito ba. Abin daji ba ya son a lallashe shi, ruwan sama yake jira da ƙasa mai wuya, amma sai da na yi asara na gane. Damina ta biyu ban yi ƙarfin halin taɓa sauran irin ba. Na shuka waɗancan, suka fito gwanin kyau, awakin unguwa suka same su ranar kasuwa. Na yi sati ina saran ƙaya ina shinge, hannuwana duk rauni.

Maƙwabcina wani dattijo ne, manomi, mutumin kirki, mai yawan ba'a. Kullum in zai wuce gona sai ya leƙo ta kan shinge. Mushe yake ce mini, yadda ake kiran malamin lakwal da Faransanci.

Wata rana ya ce, "Mushe, wanga haki hwa ya ci maka wuri. Yaushe za ka nome shi?"

Na ce, "Baba, ni na shuka shi."

Ya yi dariya har da riƙe ciki. "Kai dai 'yan lakwal akwai dabara! Ka ce hauya ta yi maka nauyi mana, ba mu hwaɗa ma kowa."

Na yi masa bayani ba sau ɗaya ba. Duk lokacin da na yi, sai ya ƙara yarda cewa raggo ne ni mai iya magana. A ganinsa lambuna shi ne 'yan layukan kuɓewa da yakuwa da maiɗakina ta sa a gefe, sauran kuwa abin kunya ne da ya fi ƙarfina. Na gaji da bayani na bar shi.

Damina ta uku na yi shahada. Iri yana tsufa, in na ci gaba da ɓoyo zai mutu a kwali. Da aka yi ruwan shuka na watsa duk abin da ya rage a gindin wasu duwatsu, ban sa taki ba, ban sa komai ba. Ta fito. Ranar da na ga ganyen nan mai gashi na durƙusa a gabansa kamar mai gaisuwa. Na ƙi zuwa gida hutu saboda ita. Abu ɗaya nake jira: ta yi fure, ta yi 'ya'ya, in tara sabon iri.

Sai kurkunu ya fito mini, ƙafa biyu. Wanda bai yi shi ba ba zai gane ba. Kana kwance kana naɗe tsutsa a tsinke kaɗan-kaɗan, ƙafa ta kumbura, ko bayan gida sai an riƙe ka. Maiɗakina ce ke leƙa mini lambu ta kawo labari. Ba ta taɓa ganin amfanin abin ba, amma ba ta taɓa raina shi a gabana ba. Wata yamma ta ce mini, "Malam, abar taka ta fara ƙunshe kai, ina jin gobe ko jibi za ta buɗe." Na kwana da murna duk da zogi.

Da sassafe na ji muryoyin maza a bayan gida, da waƙa, da ƙarar hauya tana cin tsakuwa. Na ɗan jima ban gane ba. A garin nan, in ciwo ya kwantar da mutum lokacin noma, ba a tambayarsa, don kada ya ji nauyi. Maƙwabta kan haɗu su yi masa gayya su tafi. Ni kuwa ba ni da gona sai wannan.

Na ƙwala wa maiɗakina kira. Ta shigo ta ce, "Na yi musu magana, sun ce kunya ce kake ji."

Na sauko daga gado na ja gindi zuwa ƙofa. Filin ƙarami ne, su kuma manoma ne na gaske. Kafin in kai bakin shinge sun gama. Aiki ne mai tsabta, ban taɓa ganin irinsa ba. Sun bar kuɓewa da yakuwa, sun yi musu huɗa. Sun bar gasaya, tunda ana cinta. Sauran duka sun tara tsibi guda a gefe.

Dattijon ya zo ya tsuguna kusa da ni, gumi na zuba daga gemunsa. Ya ce, "Mushe, mi ya hiddo ka? Koma ka kwanta. Ai kai namu na, ba mu barin wurinka ya lalace muna kallo."

Na dube su. Kowannensu ya bar hatsinsa cikin haki ya zo, a lokacin da safiya guda take da tsada ga manomi, kuma ba su daɗe da fita daga yunwa ba. Na buɗe baki na ce, "Allah ya saka da alheri, Baba." Kuma har cikin zuciyata na faɗi haka. Abin da ya fi gajiyar da ni ke nan, ba wanda zan yi fushi da shi. Maiɗakina ta dama fura suka sha, suka tafi gonakinsu.

Na zauna ina tona tsibin har rana ta yi zafi. Duk sun yi yaushi, sai reshe ɗaya da na samu a ƙasa, da ɗan ƙunshinsa, ba saiwa. Na sa shi a kofi da ruwa na ajiye a bakin ƙofa.

Washegari ya buɗe. Ina zaune ina kallonsa dattijon ya shigo duba jikina. Ya yi sallama, idonsa ya sauka a kan kofin. Ya ɗauka ya kai kusa da fuskarsa ya daɗe yana dubawa.

Ya ce, "Ikon Allah! Wagga tana nan duniya? Rabona da ita tun ina bin tsohona gona. Ina ka samo ta?"

Na ce, "Can wajen garinmu."

Ya ajiye kofin a hankali, ya ce, "In ta yi ɗiya, Mushe, don Allah ka ɗibam mini iri."

Na ce, "To, Baba."