Muryar da Ta Karanta Sunan Mijinta

A kasuwar kifi ta Mwanza, a bakin tafki, wani dattijo yana tsaye gaban teburin Nyanjige mai sayar da kifi, cikin kwat da ta koɗe. Kafin ta naɗe masa kifi, sai ya tattara tsofaffin jaridunta ya buga gindinsu a tebur suka daidaita.

"Sannu da aiki, 'yar'uwa," in ji shi.

Hannunta ya tsaya cak. Wannan muryar ce ta karanta sunan mijinta a talabijin, cikin sunayen waɗanda suka mutu ranar da jirgin ruwa ya nutse a tafkin. Haka ya daidaita takardunsa a ranar, da ya gama karantawa.

"Baba, kana tuna sunayen kuwa?"

Idonsa na kan tafkin, leɓunansa suna motsi. Ta ƙura musu ido, tana jiran a zo kan sunan mijinta.