A Ƙara Mata Murya

Mai gyaran rediyo bai san dattijon nan ba. Ga shi dai tsaye a shagonsa, rungume da amfilifaya, na'urar ƙara sauti, kamar mai ɗauke da mara lafiya, jita a rataye a bayansa. Garin hatsi ya yi fari fat a girarsa da kunnuwansa, amma jitar fes take.

"Muryarta ta mutu!" Da ihu yake magana, alhali gab da juna suke. "Na sauya waya, na sauya lasifika, kullum ƙasa take yi!"

Mai gyara ya jona ta, ya murɗa sautin zuwa rabi. Dattijon ya kaɗa tsirkiya ɗaya. Kusoshin kan tebur suka hau rawa, telan da ke maƙwabtaka ya leƙo yana masifa. Dattijon ko gezau. Ya karkata kai yana jira.

"Ka ji ko? Kamar kukan sauro!"

Mai gyara yana kallon yatsun dattijon masu kanta. Wataƙila shekara da shekaru yana wuni a gindin injin niƙa, ya koma gida ya kaɗa wa kansa, ba don kowa ba. Wataƙila 'ya'yansa sun gaya masa kunnensa ne ya yi nauyi, ya ce ƙarya suke.

"Baba, lafiyarta ƙalau," in ji mai gyara.

Dattijon bai juyo ba. Ya ɗora tafin hannunsa a kan lasifikar, ya sake kaɗawa da ɗaya hannun, ya lumshe ido.

"Yawwa, tana nan a ciki," ya ce. "Ka fito mini da ita kawai, ɗana."